Aninan Kaka Tasalla

Ni na ɗinka ɗamarar.
Kwana tara ina duƙe a Tudun Wada,
ina zura zare a hujin anini,
aninan da Kaka Tasalla ta bari cikin kumbo
tare da guntun jigida da allura mai tsatsa.
Ɗari biyu da sha ɗaya. Sau uku na ƙirga.

Mai rawar ta zo awo bayan la'asar,
Duriya, 'yar likitan ido na Shika,
Hausarta kamar tuwon da bai sha tuƙi ba.
Ta ce, ina so su yi magana.
Na ce, kuɗi ai dama ba bebe ba ne.

Daren bikin na isa Samaru da kayan a leda.
An gina dala uku da kwali a ƙofar zaure,
ga zaki mai kan mutum, hanci a gutsure,
Dokta Barau ya naɗa tawul mai ratsi
wai shi ne Fir'auna.
Mai adaidaitar da ya sauke ni ya leƙa,
ya ce, wanda ruwa ya ci ake wa walima?
Ya ba ni canjina, ya yi Kwangila.

Aka yi jawabi kan Nilu,
aka yi jawabi kan gawa mai likkafani bakwai,
shinkafa ta huce a faranti.
Ana kiran sunanta aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu, ya kwanta,
kiɗan da ta zo da shi daga Alƙahira
ya mutu a cikin akwatinsa.

Tanimu ne, da aka ajiye don rakiyar baƙi,
ya matse kalangu a hammata.
Wayoyi suka kunna idanu.

Ta fito.
Kafaɗa cak, kamar mai ɗauke da tulu a cike,
ƙugu kuwa faifai ne a hannun mai sheƙa.
Cikinta ya yi abin da Kubanni ke yi
in iskar hadari ta shafi bayanta.
Kalangu ya tambaya da Zazzaganci,
aninai suka amsa,
ya sake tambaya, suka rigaye shi.
Matan sahun gaba sun kai mayafi baki,
amma ba wadda ta kai shi ido.
Can baya wata tsohuwa guɗa ta kuɓuce mata,
ta waiga kamar ba ita ba.

Ni kuwa ina jikin ƙofa, almakashi a jaka,
abin da nake ji daban:
Kaka a bakin turmi, ana lugude,
zani ɗaurin ƙirji,
jigida na amsa wa taɓarya a ɓoye.
Ba ta san Misra ba. Iyakarta kasuwar Giwa.

A juyin ƙarshe zare ya ci amanata.
Anini ɗaya ya tsinke,
ya gangara, ya ratsa ƙarƙashin teburin manya,
ya wuce takalmin Fir'auna bai gaishe shi ba,
ya zo ya faɗi a yatsana.
Da ɗuminsa na ɗauka.

Washegari ta aiko da cikon kuɗina,
da saƙon wai ɗinki ya yi, ba abin da ya ɓace.
Ban ce komai ba.
Yana bakin zanina, a ƙulle.