Taki Uku a Yazd

Ardashir ya auna bayan gida da ƙafa:
taki tara na tumatir da gauta,
taki uku nawa.
"Ganyen ƙamshi ba ya cika ciki, Fereshte."
Na ce to.

Ruwan unguwarmu ran Talata yake zuwa
ta ƙarƙashin ƙasa, daga duwatsu,
kafin shayi ya huce ya ɗauke.
Na ba lansir, don shi ba ya jira,
na ba ɗoɗɗoya mai jan ganye,
hulba a gindin katanga, inda rana ke sassautawa.
Na'ana'a kuwa ya hana: "Ɓarauniyar fili ce."
Na dasa ta a fasasshen tulu.

Shekara biyu ke nan da rufe shi.
Tumatir ya bi ubangidansa.
Ita ko ta sulale ta tsagar tulun,
ta tsallake iyakar da ya ja da diddige,
ta cinye taki tara, tana neman ƙofa.

Da gaskiyarka, maigida.
Ɗazu na ɗauko fartanya,
na tsaya, na mayar.
Na tsinko cikin tafi, ga gurasa ga cuku,
na ci a mazauninka,
gindin rumman.