Buhu Tara

Buhu tara na albasa Baba Nomau ya sayar a Aliero.
Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya ƙulle su a leda,
muka hau mota zuwa Jega
a saya mini kwamfutar cinya.

Mai shago ya kifa ta kamar tarwaɗa a faranti,
ya nuna mana cikinta:
"Dubi tambari, Alhaji, har guda shida.
Wadda ta sha hatimi haka ba ta san gajiya ba."
Baba bai yi boko ba, amma ya san girman hatimi.
Ya shafa su da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
ya biya, bai nemi ragi ba.

Sati uku.
Na ɗora mata zanen gadar da malami ya ba mu.
Ta ɗauka a guje,
sai fankarta ta fara kukan sauro,
ta gasa mini cinya,
ta koma tafiyar hawainiya.
Ga wata kuwa a ɗakin gwaji na makaranta,
baƙa, ta tebur, mai akwati kamar na lefe,
lambar ƙwaƙwalwarsu ɗaya, bakwai da bakwai,
ta gama aikin ban gama ɓare gyaɗar hamsin ba.

Na kai ƙara wurin Arzika mai gyara,
can bayan tasha, inda kwano ke tafasa kai.
Bai buɗe ta ba.
Ya kifa ta shi ma, ya bi tambarin da bakin sukuddireba
kamar mai biya wa yaro allo:

"Haruffan nan biyu, maƙeranta ne ke cewa
sun bi dokar Turai.
Wannan, ba za ta cusa ƙara a rediyon maƙwabci ba.
Tauraron nan, ba ta haɗamar lantarki.
Kwandon shara da aka soke,
ran da ta mutu kada ki kai ta juji.
To, nuna mini wanda ya yi miki alkawarin gudu."

Na duba. Na sake dubawa.

"Suna ɗaya ba ya sa ƙarfi ya zo ɗaya.
Ta tebur daga bango take sha, sai ta ƙoshi,
ɗakinta da faɗi, fankarta kamar faifai.
Taki, da cokali ake auna mata wuta
don batir ya kai ku yamma.
In zafi ya kai mata wuya
ita da kanta take rage sauri, kada ta ƙone.
Lafiyarta lau. Hankali gare ta."

Ya ƙi karɓar ko sisi.
Da ya karɓa, da na fi jin sauƙi.

Na tarar da Baba a rumfa yana juya albasa,
yana ware masu laushi gefe.
Na faɗa masa duka, idona a ƙasa,
ina jiran ya ambaci buhu tara.

Ya daɗe bai ce komai ba.
"Ɗiyata, jan fentin da nake sa wa buhuna,
mai shi yake faɗi, ba ya faɗin yaji.
Shekara talatin na san haka,
a Jega na manta."
Ya murza wata a hannu, ya shinshina, ya jefar.
"Zafi kika ce? To ai ciwonsu ɗaya da waɗannan."

Ya zaro kara biyu daga jikin rumfa,
ya fere su da wuƙarsa daidai wa daida,
ya ɗora ta a kai, iska na wucewa ta ƙasa.

Ba ta zama ta tebur ba.
Kukan dai ya ragu.
Aka ɗauke wuta bayan magariba,
na tuna baƙar can, yanzu ta yi shiru a duhu,
tawa kuwa tana ta jan gada, ƙafa bayan ƙafa,
haskenta a gemun Baba.

Ta gama bayan isha'i.
Har yau in na buɗe ta a aji
sai na kusa da ni ya juyo, yana neman inda albasa take.