Rabon Sukarina

Ran da likita ya duba takardata a asibitin Jega
ya ce, "Baba, kai da sukari kun yi hannun riga,"
na dawo na iske gwangwanin a bisa kanta,
cike fal, yana kallona.
Tumba ta ce a ba maƙwabta.
Na ce a dakata.

Shekara talatin da biyu ina auna wa mutane magani,
cokali ɗaya da safe, ɗaya in za a kwanta.
Hannun da ya saba awo ba ya iya zama haka nan.

Sai na tuna baƙon da ke sauka kan mangwarona,
can reshen da kauci ya kama.
Bai fi babban yatsana ba.
Baki lanƙwashe kamar allurar baduku,
wuya kore, in rana ta taɓa shi ya juye shuni.
Shakauci.
Ba ya sallama, ba ya bankwana.

Na wanke tsohuwar kwalbar maganin tari,
na huda murfin da ƙusa mai zafi.
Cokalin sukari ɗaya, na tafasasshen ruwa huɗu,
a bari ya huce.
Na yago jan ƙyalle daga tsohon kallabin Tumba na ɗaura,
ba ta sani ba sai da ta gan shi yana lilo.

Kwana tara, shiru.
Shazumami ne suka fara amsa gayyata,
layi guda tun daga gindin katanga
kamar mu ranar tantance 'yan fansho.
Na shafa wa igiyar baƙin mai, suka koma.
Zuma suka zo, suka sha,
suka bar mini tukuici a kunnen hagu.
Alu mai faci ya leƙo ta saman katanga:
"Ka san kuɗin mudun sukari yau kuwa,
kake shayar da iska?"

Jikata Hamida, 'yar aji uku, ita ta warware.
"Kaka, wa ke cin tuwo a gidan da bai san kowa ba?
Kai kwalbar kusa da fure."
Muka mayar da ita tsakanin zogale da kabar giwa
da ta fitar da jan tozo a bakin rijiya.

Laraba, gari ya fara haske,
ina tsugune da buta.
Ya zo.
Ya leƙa furen farko, ya leƙa na biyu,
sannan ya tsaya cak a iska gaban kwalbar,
fukafukan sun ɓace don sauri,
saura wuyan nan kawai yana walƙiya.
Ruwan buta na ta zuba a takalmina, ban motsa ba.
Ya sa baki.
Ya sha rabona.

Yanzu ina da aiki.
Zafin Jega ba ya barin ruwan ya kwana biyu,
sai ya yi tsami kamar kunun jiya,
a zubar, a wanke, a sake awo.
Na hana fesa maganin ƙwari a tsakar gida.
Macen, mai toka-toka, ba ta da adon mijinta,
amma ita ke kwasar yanar gizo a lungun rumbu
tana ɗinka 'yar jaka a reshen lemun tsami.
Tumba, wadda yana ba ta kwana a gidanta,
ta iso lungun da tsintsiya, ta tsaya,
ta wuce.

Mazan biyu ne yanzu, kullum faɗa,
ga kwalba uku, amma ɗaya suke so.

Da hantsi nakan zauna a benci da shayina,
ɗaci tun daga kurɓar farko har ƙasan kofi.
Gwangwanin ya kai rabi.
Jiya Alu ya shigo aron guduma,
ya zauna, ya manta gudumar.
Da na buɗe baki zan yi magana
ya ɗaga mini hannu, ya ce a hankali,
"Yi shiru, Malam. Ga shi nan."