Auta a Ƙoramar Badagishiri

Daga barikin Tawa muka fito bayan isha,
ruwan Agusta ya ci hanya, ƙorama ta kawo.
An ce wata mai sulke ta nutse har ƙirji
kusa da Badagishiri, ta zauna cikin laka
kamar saniyar da ta ƙi tashi ranar kasuwa.

Tamu ba ta da bindigar kirki.
Hannu gare ta, da igiyar ƙarfe, da garma a gaba.
Sarjan Nomau na ce mata Ungozoma:
"Ba ta haihuwa, na wasu take cirowa."

Shi ya koya mini, ranar da na zo ɗanye.
Ya cika sirinji da mai, ya toshe bakin da yatsa.
"Danna, Arzika." Na danna. Ya ƙi.
"Iska in ka matsa mata sai ta yi ladabi.
Mai ba ya rusuna wa kowa.
Ka tura shi nan, ya tura wani can.
Karatun ke nan duka, saura tiyo da haƙuri."

Famfo ke zuƙo shi daga tanki,
ya kora shi cikin tiyo mai kaurin damtse
har ya iske ƴan ƙofofi,
kowace da sandarta ƙarƙashin tafin Sarjan.
A buɗe wannan, ƙarfe ya zaro daga kube
yana sheƙi, hannu ya miƙe sama.
A buɗe waccan, garma ta kafe cikin ƙasa
kamar ɗan kokawar Adar ya dasa ƙafa.
Ta ukun ke juya gangar da ke naɗe igiya.
In ya gama, ya komo gida da zafi
ya bi ta rariya,
don ƙwayar rairayi guda ta isa ta kashe famfon
da ya fi albashina na shekara.

Muka ninka igiya a gargare:
ƙarfi biyu, tafiya rabi.
Ta fara ja. Laka ta yi tsaki.
Sai babban moter ya yi tari uku,
ya yi shiru.

Kwaɗi kaɗai ke magana.
Ruwa na lasar ƙafafu, yana neman gwiwa,
mutum huɗu tsugune bisa rufin waccan.

Sarjan bai zagi kowa ba.
Ya zagaya gefe, ya ɗaga wani ɗan murfi,
ga Auta nan kwance,
bai kai injin niƙan unguwarmu ba.
Aikinsa na kullum ciyar da bateri,
ya riƙe rediyo da fitila a farke
don kada babba ya kwana yana shan gazuwal.
Amma yana da nasa ɗan famfo.
Ya tashi da ƙara irin ta yaron da aka tasa da asuba.

Taki ɗaya. A huta. Taki ɗaya.
Allurar agogo na rawa kusa da ja.
Na ga danshi jikin tiyo, na kai hannu in shafa,
Sarjan ya make ni.
Ya nuna mini yatsansa da ya rage rabi:
"Ƙofa kamar ta allura, ta nan ya shige ni.
Da kwali ake nemansa, ba da fata ba."

Kiran salla na fitowa daga gari
lokacin da laka ta saki, da wani irin nishi.

Liyetna ya yi godiya,
aka ɗau hoto gindin dogon hannu.
Ban ga Sarjan a ciki ba.
Yana can gefe, tsumma a kafaɗa,
ya zaro sandar awo daga cikin Auta,
ya goge, ya mayar, ya sake zarowa,
yana duba ta da hasken da bai gama fitowa ba.