Lamba Arba'in da Bakwai

Kwana uku motar gwamnati na zaga Rafin Guza:
"Ku tashi, ruwa na tafe."
Muka ce kogi maƙwabci ne,
ya san iyakarsa.

Daren Laraba ya shigo ba sallama,
ya haye gadon Inna Tabawa.

Da asuba sai ga kwalekwale,
'yan agaji da fitila a goshi.
Yohanna ya goya Inna,
tana zaginsa wai ya baro mata akuya.
Ni kan keken ɗinki na rungumo.
Ƙafafun na can, kifi na koyon sana'a.

Yanzu muna firamare, aji uku.
Mutum shida, tabarma biyu,
bokiti, shinkafa tiya huɗu.
Bargo, an ce, sai Litinin.

A allo malami ya bar lissafi:
tara a ɗebe tara.
'Yata ta tashi ta rubuta amsa.

Jiya Yohanna ya dawo jiƙe har wuya,
igiya a hannu,
akuya na binsa tana tari.
Inna ba ta ce uffan ba.
Ta dai matsa masa a tabarma.