Ba a San Mai Shi Ba

A gindin dogonyaro na saye shi, bayan tasha,
wajen mai tsofaffin takardu.
Bangonsa ya sha ruwa,
gara ta yi wa shafi na tara taga.
Duk hotuna ne: tukwane, faifai, ƙwarya mai zane,
kowanne a tsare cikin gilashi kamar mai laifi.

Na kai wa Baba Arzika rumfarsa ta dukawa,
inda warin jima ke riga mai gida amsa sallama.
Hakiya ta ci idonsa na dama tun bara,
na hagu ne ke noma gonar shi kaɗai.
Ya goge hannu a cinya, ya karɓa,
ya riƙe shi a kife.
Ban gyara masa ba.

Shafi na arba'in da ɗaya:
jakar fata, ja kamar gauta,
tuntaye na zuba a gefenta.
Na karanta masa ɗan rubutun ƙasa:
Sakkwato. Ba a san mai shi ba.

Ya kai takardar har bakin hanci.
Ya bi ɗinkin da farce
kamar mai bin sawun akuya a fadama.
Sai dariya, har da tari.

"Mi? Ba a sani ba?
Wanga aikin Labbo na.
Bahago na, dibi inda basilla ta kwanta.
Kuma ba shi gama jaka
sai ya bar ƙulli guda a sake,
wai cikawa ta Allah ta."

Na duba. Wata uku littafin na ƙarƙashin matashina,
na haddace faɗinta da tsawonta,
da shekarar da ta hau jirgi,
ban taɓa ganin ƙullin ba.
Ga shi nan kuwa, ƙanƙane,
ya ɗaga kai kamar ɗan tsako.

Na zaro biro.
Ya ce, "Rubuta Labbo.
Ka ƙara da cewa ina bin shi sule ukku."
Ya daɗe bai saki shafin ba.

Da la'asar na biyo ta bakin gulbi,
mata na wanke tukwane.
Na tsaya ina leƙen wuyan kowace tukunya,
ina neman inda yatsa ya zame,
har wata ta ce, "Malam, lafiya?"