Ƙullin Arzika

Ran Assabar da hantsi nik kai shi,
ba don raina ya so ba.
Uwatai tac ce, "Kai shi mu huta,
kwana tara yaron ga bai bar kunnena ya sha iska ba."

Filin firamare ta Mabera,
inuwar dogon yaro ukku.
Yara sun kai ashirin cikin kaki,
wani rigar ta sha gwiwa, wani cibiya na leƙe.
Iyaye bisa benci,
wata tsohuwa da kular kunun zaƙi tana ƙirga kofuna,
tana ƙirga kawuna, lissafi ya ƙi haɗuwa.

Malam Cika yab buɗe rajistar sikawut.
Suna? Arzika.
Shekaru? Bakwai.
"Da wata huɗu," in ji mai shekarun.
Sana'ar uba?
Shekara ashirin ina ɗaure albasa bisa manyan motoci,
amma gaban biro sai harshena yay yi nauyi.
"Lodi," nic ce, ina duban takalmina.
Yar rubuta, bai ɗaga gira ba.

Anka rataya mai ƙyalle ga wuya.
Zoben fata ya ƙare, sai mako mai zuwa,
sai yar riƙe bakin ƙyallen da hannu
kamar mai tsoron kada wuyan ya gudu.
Yatsa ukku sama, sunka karanta alkawali:
gaskiya, taimako, tsabta.
Nawa ya tsallake kalma biyu,
yac cike gurbin da ƙarfin murya.

Usur. Anka raba igiya, kowa kamu guda.
Malam na nuna ƙulli daga hoton littafi,
dama bisa hagu, hagu bisa dama.
Wata yarinya, Luba, taj ja nata, yas sulluɓe.
Malam yaj ja nashi, shi ma yas sulluɓe.
Benci yay yi tsit.
Igiyar leda ce, santsi gare ta kamar tarwaɗar Rima,
littafin kuwa bai taɓa riƙe ta ba.

Ban san sa'ad da nit tashi ba.
Hannuna sun riga ni isa.
Lanƙwasa, zagaye biyu, a cusa kai, a danne da babban yatsa.
Ƙullin da ka kai buhu ɗari ukku kudu
cikin ruwa da ramukka, ko ɗaya bai faɗi ba.
"Ja," nic ce. Malam yaj ja.
Luba ta kama, Arzika ya kama,
yara takwas sunka jingina baya har ƙafa na tona ƙasa.
Ƙulli yac ce nan nika kwana.

"Mi as sunanai?" in ji Malam.
Ba ya da suna. Wanda yak koya man ya rasu,
bai ce man komi ba sai "ɗaure."

Sai nij ji muryar Arzika daga bayana,
shina faɗa ma wanda bai tambaye shi ba:
"Babana ne."
Sau ukku ina ƙirgawa.
Na huɗun ban ji ba, wani abu ya shigam man ido.

Rajista ta sake buɗewa.
Ƙarƙashin sunan ɗa anka sa na uba,
ban da kaki, ban da usur,
Assabar biyu cikin wata, in babu mota.

Da dare na biya wajen Modi baduku,
yay yanko man guntun fatar jar akuya,
munka naɗe ta zobe.
Yanzu ga shi can ya yi kwana da ƙyallen ga wuya.
Ƙafar gado ɗaure, hannun buta ɗaure,
takalmina ɗaure da na uwatai,
ga kiran assalatu ya matso,
ni kuwa durƙushe cikin duhu
ina kwance aikin hannun ɗalibina,
ƙullin ya ƙi.